Muhawara: Yaƙin Duniya na Biyu a cikin gidan Amurka, wa ya ci riba, wa ya biya?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya a aji wani ɗalibina ya yi mini tambayar da har na kwanta barci tana yi mini yawo a kai. Cewa ya yi: "Malam, kullum kuna ce mana yaƙi ba ya barin alheri a bayansa. To yaya aka yi Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da talauci, ta fito da arziki?" Kuma yaron bai yi ƙarya ba. A 1933 cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka, ɗaya ba shi da aikin yi. Zuwa 1944 rashin aikin yi bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Tsakanin waɗannan shekaru ne Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii, ranar 7 ga Disamba 1941, ta kashe mutum wajen 2,400. Washegari majalisar dokoki ta amince wa Shugaba Roosevelt ya shiga yaƙi, mutum ɗaya tal, wata 'yar majalisa Jeannette Rankin, ta ƙi kaɗa ƙuri'ar amincewa. Ranar 11 ga wata kuma Hitila da kansa ya ayyana yaƙi a kan Amurka.

Amsar da na ba shi ita ce, a gidan wasu aka yi yaƙin, shi ya sa. Amma ban gamsu da amsar tawa ba. Masu sani su taimaka.

Alhaji Sabo:
Wa alaikumus salam Malam. Ai amsarka ta yi, ni dai a matsayina na ɗan kasuwa ban ga abin ƙari ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27. An ragargaza biranen Jamus da Japan, Landan ma ta sha ruwan bama-bamai. Su kuwa masana'antun Amurka ko tagar gilashi ba a fasa musu ba. Tun kafin su shiga yaƙin ma, daga Maris 1941, sun fara tura wa Birtaniya makamai da abinci. Bashin da Birtaniya ta ci a wurinsu bayan yaƙin ba ta gama biya ba sai a Disamba 2006. Ku duba tsawon lokacin.

Sannan a Yuli 1944, ana tsakiyar yaƙi, suka tara ƙasashe 44 a Bretton Woods da ke Amurka aka ɗaura kuɗin duniya a jikin dala, aka kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Dalar nan da ke hana mu barci a kasuwa, daga nan ta hau gadon sarauta.

Nura:
Alhaji, da girmamawa, yadda ka faɗe ta sai ka ce Amurkawa kwanciya suka yi kuɗi na zubo musu. Mutum miliyan 16 suka sa kaki, fiye da 400,000 ba su dawo ba. Akwai wani gida a Waterloo ta jihar Iowa, gidan Sullivan, da 'ya'ya maza biyar suka mutu sakamakon nutsar da jirgin ruwa guda a Nuwamba 1942. Uwa ɗaya, uba ɗaya. A lokacin gidan da ke da ɗa a fagen daga yakan rataye ƙyalle mai shuɗin tauraro a taga, in ɗan ya rasu sai a mayar da tauraron ruwan zinare. Uwar da ta canza tauraro ba za ka ce mata ta ci ribar yaƙi ba.

Kuma rayuwar yau da kullum ta ƙuntata. Daga 1942 sukari sai da katin rabo, haka kofi da man fetur da tayar mota, a 1943 aka ƙara nama da man shanu da takalmi. Ko kana da kuɗinka, in katinka ya ƙare sai haƙuri. A Fabrairu 1942 aka tsayar da ƙera motocin farar hula gaba ɗaya. Aka hana gudu fiye da mil 35 a awa don tayoyi su jima, saboda Japan ta mamaye ƙasashen da ake samo roba.

Alhaji Sabo:
Nura, Allah ya jiƙan na jiƙantawa, ban raina ran kowa ba. Amma ka gwada wanda aka taƙaita wa sukari da mutanen birnin Leningrad na Sobiyet da yunwa ta kashe da dubban ɗaruruwa. Ba ɗaya ba ne.

Nura:
Wannan na yarda, Alhaji.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don maganar ta zo ƙofar gidana. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a jihar Michigan, kuma yawancin tsofaffin da nake kula da su 'ya'yan mutanen da yaƙin nan ya kwaso daga kudu ne.

Malam Habu, abin da nake ganin ya ɓace a amsarka shi ne kalmar "Amurka" ɗin kanta. In aka ce Amurka ta ci riba, sai a tambaya, wace Amurkar? Kusa da garin Ypsilanti akwai wurin da ake kira Willow Run, inda kamfanin Ford ya gina masana'antar jiragen yaƙi samfurin B-24. A 1944 kusan kowace awa sai jirgi ɗaya ya fito cikakke. Ma'aikata sun haura 40,000 a wani lokaci. Wannan aikin da irinsa a Detroit ne ya sa mutane, farare da baƙaƙe, suka baro gonakin auduga na kudu suka yi ta tururuwa zuwa arewa. Aiki ya samu, amma wurin kwana babu. Baƙar fata kuwa an killace su a unguwanni 'yan kaɗan, ba a ba su haya a wajensu. Iyali guda a ɗaki guda, wani lokaci gado ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa, mai aikin dare da mai aikin rana.

A farkon Yuni 1943, a kamfanin Packard na Detroit da ke ƙera injinan jirage, an ƙara wa baƙaƙen fata uku girma su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da farare. Farare wajen 25,000 suka ajiye aiki saboda haka kawai, a lokacin da 'ya'yansu ke fagen daga suna jiran injinan. Bayan makonni kaɗan, ranar 20 ga Yuni, rikici ya ɓarke daga wurin shaƙatawa na Belle Isle ya bazu cikin gari. An kashe mutum 34, 25 daga cikinsu baƙaƙe, kuma 17 daga cikin baƙaƙen 'yan sanda ne suka harbe su. Sai da aka turo sojojin tarayya kafin ƙura ta lafa.

Wata tsohuwa da na yi jinya ta taɓa gaya mini cewa albashin farko da mahaifiyarta ta karɓa a masana'anta ya ninka abin da take samu a aikatau a gidan Turawa sau da yawa, kuma daga ranar ba ta sake wanke wa kowa kwano don kuɗi ba. Amma ta ce a watan rikicin kwana uku suka yi a ƙarƙashin gado. Abu biyun duk a shekara ɗaya, a gida ɗaya.

Malam Habu:
Maman Khalifa, Allah ya saka da alheri. To yaya aka yi ma aka fara ɗaukar baƙaƙen aiki, in ƙiyayyar ta kai haka?

Maman Khalifa:
Ba don Allah aka ba su ba, Malam, ƙwata suka yi. A 1941 shugaban ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa baƙaƙe, A. Philip Randolph, ya ce zai tara dubban mutane su yi tattaki zuwa Washington in ba a buɗe musu ƙofar masana'antun makamai ba. Roosevelt ya ga abin kunyar da za a yi a idon duniya, sai ya sa hannu a umarni mai lamba 8802 ranar 25 ga Yuni 1941, wanda ya haramta wariya a waɗannan masana'antu. Randolph ya janye tattakin. A 1942 kuma jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier ta fito da kiran nasara biyu: nasara a kan Hitila a waje, nasara a kan wariya a gida.

Amma a soja wariyar tana nan daram. Baƙaƙe fiye da miliyan ɗaya sun sa kaki, a rundunoni na daban, yawanci aikin dako da girki da tuƙi aka ba su. Ni abin da ya fi taɓa ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne jini. Jinin da ake tara wa sojoji ma sai da aka raba, na fari daban, na baƙi daban, alhali Dakta Charles Drew, wanda ya yi fice wajen tsara yadda ake adana jinin, shi kansa baƙi ne.

Fatima:
Salam. Ni ɗalibar shari'a ce, kuma ina ganin akwai waɗanda ba a ambata ba har yanzu, alhali su suka fi kowa asara a cikin gida. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Roosevelt ɗin nan dai ya sa hannu a umarni mai lamba 9066. Da shi aka kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan, mafi yawansu daga Kalifoniya da Oregon da jihar Washington, aka zuba su a sansanoni goma da aka kewaye da waya mai ƙaya, sojoji na gadi. Kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne, 'yan ƙasa kamar kowa. Ba a tuhume su da laifi ba, ba a kai su gaban alƙali ba. 'Yan kwanaki aka ba su, aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ɗauka. Mai gona ya sayar da araha ko ya bar ta, mai kanti ya rufe. Wasu kafin a gama gina sansanonin a ɗakunan dawaki na filin sukuwa aka ajiye su.

Wani saurayi, Fred Korematsu, ya ƙi tafiya. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, a Disamba 1944 alƙalai shida cikin tara suka ce gwamnati ta yi daidai. Wannan hukuncin ne ya sa ni kuka a ɗakin karatu, don kotun da ya kamata ta zama mafaka ita ta sa hatimi.

Nura:
Malama Fatima, ba kare su nake ba, amma a yi wa mutanen zamanin adalci. An kai musu hari ba zato, wata biyu kafin nan. Suna tsoron a sake kawo wani a gabar tekun yamma. Duk ƙasar da ta shiga irin wannan firgici takan yi abin da daga baya za ta yi nadama.

Fatima:
Yaya Nura, tsoron gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka duba abu biyu. A Hawaii, inda aka kai harin, 'yan asalin Japan sun haura kashi ɗaya cikin uku na jama'a, kuma ba a kwashe su gaba ɗaya ba, ƙalilan aka tsare, don in an kwashe su gonakin rake da tashar jiragen ruwa za su tsaya. Ka ga inda ake buƙatar guminsu tsoron ya yi sauƙi. Na biyu, Amurka na yaƙi da Jamus da Italiya a lokaci guda. An tsare wasu dubbai daga cikin Jamusawa da Italiyawa, amma ba a taɓa kwashe su da jarirai da tsofaffi don asalinsu kawai ba.

Kuma daga cikin sansanonin nan aka ɗebi samari suka shiga runduna ta 442, suka yi yaƙi a Italiya da Faransa, suka zama cikin rundunonin da suka fi samun lambobin yabo a tarihin sojan Amurka. Ana kai wa uwa labarin rasuwar ɗanta tana bayan waya mai ƙaya. Gwamnatin da kanta ta amsa laifi a 1988, lokacin da Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman afuwa da biyan dala 20,000 ga duk wanda ya rage da rai.

Nura:
Maganar Hawaii ban san ta ba. Ta canza mini lissafi.

Baba Ɗanladi:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen waya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan mazan jiya ne, yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) a yaƙin Hitila. Ba a ƙarƙashin Amurka suka yi ba, sojan Ingila ne. Amma ya ga Amurkawa, kuma tun kafin ya tafi ana ganinsu a ƙasar nan, don jiragen da ake kaiwa Masar daga Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu suke tasowa, su sauka Kano, su sauka Maiduguri, su wuce Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartoum. Yakan ce bai taɓa ganin soja mai yawan kaya da abinci irin na Amurka ba.

Tambayata ita ce, da suka koma gida me aka yi musu? Don shi dai abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba, gona ya koma har ya rasu.

Malam Habu:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ranka ya daɗe, a nan kam an yi musu abin a zo a gani. A Yuni 1944 aka yi dokar da suke kira GI Bill. Duk sojan da ya dawo gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta ta ba shi na kashewa, ta tsaya masa ya ci bashin banki ya sayi gida ko gona ko ya kafa sana'a, in bai samu aiki ba kuma a ba shi dala 20 kowane mako har shekara guda. Kusan mutum miliyan 8 suka yi karatu ko koyon sana'a da ita, fiye da miliyan 2 suka shiga jami'a. A 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsoffin sojoji ne. Ɗan manomi da ɗan leburan da ba su taɓa mafarkin jami'a ba suka zama injiniyoyi da likitoci.

Sun yi haka ne don sun ɗanɗana kuɗarsu a baya. A 1932 tsoffin sojojin yaƙin farko sun yi zaman dirshan a Washington suna neman haƙƙinsu, aka sa soja suka kore su aka ƙone bukkokinsu. Ba a so a maimaita da mutum miliyan 16.

Maman Khalifa:
Baba, barka da warhaka, Allah ya ƙara lafiya. Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai a nan ma rabon bai zo daidai ba. Dokar ba ta ambaci launin fata ba, amma an bar aiwatar da ita a hannun jami'an jihohi da bankuna da makarantu. A kudu jami'o'in farare ba sa karɓar baƙi, na baƙaƙen kuma sun cika sun batse, aka mayar da dubbai gida. Wani bincike da aka yi a biranen jihar Mississippi a 1947 ya nuna cikin bashin da gwamnati ta tsaya wa tsoffin sojoji fiye da 3,000, biyu kacal suka je hannun baƙaƙe. A Amurka kuwa gida shi ne dukiyar da ake bar wa 'ya'ya. Wanda kakansa ya samu gida a 1948 da wanda aka hana kakansa, har yau tazarar tana nan tsakanin jikokinsu, ina ganinta da idona a wajen aiki.

Akwai kuma Saja Isaac Woodard. A Fabrairu 1946, ranar da aka sallame shi, yana cikin motar haya zai koma gida da kakinsa a jiki, shugaban 'yan sandan wani gari a Carolina ta Kudu ya doke shi da kulki har ya makance. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke ɗan sandan. Labarin ya girgiza Shugaba Truman, yana cikin abubuwan da suka kai shi ga soke wariya a soja a Yuli 1948.

Baba Ɗanladi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya tsira da idonsa a yaƙi, ya rasa shi a gida.

Hajiya Binta:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma naga an wuce maganar mata da sauri. Mata wajen miliyan 6 suka shiga aikin albashi a shekarun yaƙin, suna walda a wuraren ƙera jiragen ruwa, suna haɗa fukafukan jirage. Wasu 350,000 suka sa kaki. Har gidajen renon yara gwamnati ta ba da kuɗi aka buɗe don iyaye mata su samu zuwa aiki. Da maza suka dawo aka sallami da yawansu, a 1946 aka yanke kuɗin gidajen renon. Ni malamar makaranta ce mai 'ya'ya biyar, na san abin da ake nufi a ce wa mace jiya kin iya, yau koma gida. Amma wadda ta riga ta san hannunta na iya ƙera jirgi, tarbiyyar da za ta yi wa 'yarta ba irin ta da ba ce.

Alhaji Sabo:
To duk wannan hidima, jirage wajen 300,000, da karatun sojoji, daga ina kuɗin ya fito? Wannan ne ban gane ba.

Malam Habu:
Daga aljihun talakawa, Alhaji, ta hanya biyu. Ta farko bashi: gwamnati ta riƙa sayar wa jama'a takardun bashin yaƙi, har 'yan makaranta na tara kwabbai suna saya. Bashin ƙasar ya tashi daga kusan dala biliyan 49 a 1941 zuwa kusan biliyan 259 a 1945. Ta biyu haraji. Kafin yaƙin masu hali ne kawai ke biyan harajin kuɗin shiga, mutum 'yan miliyoyi. Zuwa 1945 masu biya sun haura miliyan 40. A 1943 aka fara cire harajin daga albashi tun kafin ya iso hannun ma'aikaci, kuma ba a daina ba har yau. Manyan attajirai kuwa a 1944 harajin saman kuɗinsu ya kai kashi 94 cikin 100.

Maman Khalifa:
Malam, ƙara da wani gadon da nake fama da shi kullum. Lokacin yaƙin gwamnati ta hana ƙarin albashi don kada farashi ya hau. Kamfanoni na neman ma'aikata ido rufe, sai suka koma jan hankalinsu da inshorar lafiya, gwamnati ta ce wannan ba a lissafa shi cikin albashi. Daga nan lafiyar Ba'amurke ta ɗauru a jikin aikinsa. Na sha ganin mara lafiya yana kwance hankalinsa ba ya kan ciwon, yana kan kada a sallame shi daga aiki inshorar iyalinsa ta tafi.

Baba Ɗanladi:
Fatima 'yata, mutanen nan na Japan da aka kwashe, da aka sake su sun samu gonakinsu?

Fatima:
Kaɗan ne suka samu, Baba, yawanci waɗanda Allah ya haɗa da maƙwabci mai amana da ya riƙe musu. Da yawa sun tarar an sayar, ko an wawashe kayan da suka bari a ajiya, wasu garuruwan ma an kafa alluna cewa ba a son su dawo. Da za a rufe sansanonin, abin da aka ba kowane mutum dala 25 ne da tikitin jirgin ƙasa. Akwai tsofaffin da suka ƙi fita don ba su da inda za su, sai da aka ɗora su a jirgi. Sansani na ƙarshe, Tule Lake a Kalifoniya, sai a Maris 1946 aka rufe shi, wata bakwai bayan Japan ta miƙa wuya. Diyyar da aka yi doka a kanta a 1988 kuwa sai 1990 aka fara biya, aka fara da mafi tsufa, kuma mutum wajen 82,000 ne suka karɓa.